Filin Mata: Baƙo A Cikin Jirgi Amana Ne

  

Makon nan wasiƙa ce ta zo mini daga wata uwargida a ƙasar Makoda, na kuwa ga ya fi kyau in amsa mata a fili, domin abin da ya dame ta ba ita kaɗai ya dama ba. Ta ce ƙannen maigidanta mata biyu za su zo daga birnin Kano da 'ya'yansu, su yi hutun makaranta a wurinta. Tun ba su taso ba sun aiko cewa lalle sai an kai su Dam ɗin Tomas sun shiga kwalekwale, wai sun ga hotunan masu arziki a waya suna yawon shan iska da baƙinsu cikin jirgin ruwa a tsibiran ƙasar Girka, su ma suna so su ɗanɗana. Ita kuwa gabanta sai faɗuwa ya ke yi, ga yara har bakwai, ba ko ɗaya da ya iya ruwa. Amma tana jin nauyin ta ce a'a, kada dangin miji su ce ta yi musu rowa. Ta ƙare wasiƙarta da cewa, "Yaya zan yi?"

To, 'yar'uwa, na ji kukanki. Tun da ya ke Girka ce ta jawo maganar, bari mu fara zuwa can mu ga yadda su ke yi da baƙinsu, da abin da hoto ke nunawa, da wanda ba ya nunawa. Sa'an nan mu komo gida.

Ku 'yan makaranta ku ɗauko taswira. Ku ɗora yatsa a kan Kano, ku yi arewa kuna ɗan karkata gabas, ku ƙetare Hamada, ku wuce Libiya, ku tsallake Bahar Rum. Ƙasar da za ku tarar da tsibirai barbaje a gabanta kamar an watsa wa kaji tsaba, ita ce Girka, babban birninta Atina. Tsibiri dai tudun ƙasa ne wanda ruwa ya kewaye ta ko'ina. Su kuwa Girkawa Allah ya ba su manya da ƙanana kimanin 6,000, amma 227 kaɗai a ke zaune a cikinsu, sauran duwatsu ne sai tsuntsaye. Mafi girma shi ne Kirit. Akwai Rodos, da Kofu, da Mikonos, da Santorini inda gidaje su ke fari fat a kan gaɓar dutse. Akwai kuma wani wai shi Hidira, inda ba a yarda da motocin hawa ba, jakuna da alfadarai ke ɗaukar kaya, kamar dai ranar kasuwa a ƙauyukanmu.

Lokacin da mu ke cikin damina, watau Yuni da Yuli da Agusta, su a can lokacin zafinsu ke nan, da ƙyar a ke ganin ɗigon ruwan sama. A watannin nan ne mutane ke ɗaukar jirgin shan iska, su gayyato 'yan'uwa da abokai, su yi ta yawo daga wannan tsibiri zuwa wancan.

Abin da ya fito da wannan yawo a idon duniya, mace ce ta shirya shi. A watan Agusta na 1954 Sarauniya Firedarika, matar Sarki Bulus na Girka, ta gayyato 'ya'yan gidajen sarautar ƙasashen Turai wajen mutum 100, ta zuba su cikin jirgi guda mai suna Agamemnon, aka yi ta zagaya tsibirai da su kwana da kwanaki. Nufinta duniya ta san ƙasarta tana da kyau, baƙi su riƙa zuwa, domin a lokacin yaƙi bai daɗe da barin su cikin talauci ba. A cikin jirgin nan ne 'yarta Sofiya ta fara haɗuwa da Huwan Kalos na gidan sarautar Sifen, dukansu ba su wuce shekara 16 ba. A 1962 aka ɗaura musu aure a Atina, a 1975 kuma ya zama Sarkin Sifen. Kun ga ashe zumunci a ko'ina ya kan haifi aure. Ita dai sarautar Girka ta ƙare, jama'ar ƙasar sun jefa ƙuri'a sun rabu da ita a 1974, amma yawon tsibirai bai ƙare ba.

A shekarun nan ne kuma wani attajirin Girka mai jiragen dakon mai, Aristotil Onasis, ya sayi tsohon jirgin yaƙi, ya gyara shi ya zama kamar fada, tsawonsa mita 99, ya sa masa sunan 'yarsa Kiristina. Manyan duniya sun sha shiga jirgin nan, har da Mista Cocil, tsohon Firayim Ministan Ingila.

Waɗannan manya ke nan. Na yau da kullum kuwa, wanda ƙannen maigidanki su ka gani a waya, tsawonsa ba ya wuce mita 12 zuwa 15. Yana da ɗakunan kwana uku ko huɗu ƙanana ƙwarai, da ɗan madafi, da makewayi. Yana da inji, yana kuma da babban ƙyalle da a ke ɗagawa sama iska ta tura shi. Yawanci haya a ke yi ta mako guda, daga Asabar zuwa Asabar. Da safe a tashi, da rana a tsaya a wani lungu mai ruwa kwance a ci abinci, da la'asar a shiga tashar wani tsibiri, a jefa ƙugiyar ƙarfe ƙasan teku, a ɗaure gindin jirgin a gaɓa, a fita gari a sha iska.

Su Girkawa mutane ne masu son baƙo. Tun zamanin da, kalma guda su ke da ita ga wanda ba ka sani ba da wanda ya sauka a gidanka, daidai da yadda mu ke cewa baƙo. In kin shiga gidan Bagirkiya a ƙauye, za ta tarbe ki da kofin ruwan sanyi, da gahawa, da cokali guda na 'ya'yan itace da aka dafa da sukari. Mu ma ai haka mu ke, ruwan randa da fura da goro, da shimfiɗar fuska wadda ta fi ta tabarma.

Amma fa duk son baƙon nan, da zarar an taka jirgi magana ta sake. Wannan shi ne abin da hoto ba ya nunawa.

Ko wane jirgi da adadin mutanen da hukuma ta yarda ya ɗauka, a rubuce cikin takardunsa. Kafin jirgin haya ya tashi sai an rubuta sunan ko wane mai rai da zai shiga, hukumar tasha ta gani. In jirgin na mutum takwas ne, baƙo na tara sai dai ya yi haƙuri, ko da kuwa surukin mai jirgin ne. Wanda zai tuƙa sai mai takardar shaidar ya iya, sa'an nan a so a sami na biyu wanda zai kama masa.

Kafin a kwance igiya, matuƙi ya kan tara baƙi ya yi musu bayani. Ga inda rigar kariya ta ke, watau rigar nan mai hana nutsewa, kowa ya gwada tasa. Ga inda za ka riƙe in jirgi ya karkata. Ga abin da za a yi in wani ya faɗa ruwa. Ruwan sha da na wanka a tanki ya ke, kada wanda ya yi ɓarna da shi, domin teku duk yawanta gishiri ce. Babu mai jin haushi, babu mai cewa an raina shi. Mai gida ne ke kashe kuɗi, baƙo ne a ke girmamawa, amma a kan ruwa maganar matuƙi ce ta ƙarshe.

Dalili kuwa, akwai wata iska a tekun da ke gabashin Girka wadda su ke kira meltemi. Daga arewa ta ke busowa, busasshiya kamar ta hunturunmu, ta fi ƙarfi a Yuli da Agusta, daidai lokacin da baƙi su ka fi yawa. Muguntarta ita ce ba ta zuwa da hadari. Sama garau, rana tana haske, sai kawai teku ta tashi ta yi ta tumbatsa, wani lokaci kwana uku ko fi ba ta lafa ba. In ta yi tsanani hukumar tasha ta kan hana jirage fita, har manya masu ɗaukar fasinja. Sai ki ga baƙon da ya biya kuɗin jirgin sama daga wata ƙasa don ya ga Santorini, an ce masa yau ba tafiya, gobe ma sai abin da Allah ya yi. Ya zauna a tasha ya sha gahawa. Matuƙin da ya san aikinsa ba ya jin kunyar faɗin haka.

Kada kuma ku ɗauka su ba su taɓa ganin ta'asar ruwa ba. Ranar 26 ga Satumba 2000, da dare, wani babban jirgin fasinja mai suna Express Samina ya bugi duwatsu kusa da tsibirin Faros, ya nutse, mutum wajen 80 su ka rasu. Da aka bincika, sai aka tarar sakaci ne. An bar na'ura tana tuƙi ba a lura da hanya yadda ya kamata ba, an kuma bar ƙofofin da ke tare ruwa a cikin jirgin a buɗe. Ashe ruwa bai san Bature ba, bai san Bahaushe ba, mai sakaci kawai ya ke nema.

Yanzu mu komo gida. Kakanninmu a wannan yanki ba mutanen ruwa ba ne. Ƙasar Makoda da Danbatta ƙasar gero da dawa da gyaɗa ce, ruwan da aka sani shi ne na rijiya da kududdufi da rafin da ke ƙafewa da rani. Manyan madatsun ruwa na Jihar Kano daga baya su ka zo. Gwamna Audu Bako, wanda ya riƙe jihar daga 1967 zuwa 1975, shi ya buɗe wannan aiki. Aka gama Tiga a 1974, aka kuma gina irin su Tomas a waɗannan shekaru na 1970. Alheri ne babba, ga noman rani, ga kifi, ga ruwan dabbobi. Amma an kawo mana ruwa mai zurfi ba a kawo mana iyo ba. Cikin mu mata, da wuya ki sami wadda ta iya.

Ba kuwa sai mun je Girka neman darasi mai ɗaci ba. Ranar Talata 30 ga Nuwamba 2021, da yamma, wani jirgi ya taso daga Badau zai ƙetare ruwan Dam ɗin Watari zuwa Bagwai, nan cikin Jihar Kano. Yawancin waɗanda ke ciki 'yan makarantar Islamiyya ne za su wurin Maulidi. Jirgin ya kife. Aƙalla mutum 29 su ka rasu, mafi yawansu yara ƙanana. Abin da aka ɗora wa laifin shi ne lodin da ya fi ƙarfin jirgin. Allah ya ji ƙansu, ya ba iyayensu haƙuri. Ku tuna fa, yaran nan murna su ke yi, sun ci ado, ba wanda ya fito da nufin mugunta. Haka irin wannan abu ya kan faru. Wani ya ce a ƙara mutum ɗaya, ai yaro ne ba shi da nauyi, wani ya ce kada a bar wance a baya ta ji ba daɗi. Kowa ya ga jirgi ya cika, kowa kuma ya ji nauyin ya yi magana.

To, 'yar'uwa ta Makoda, ga shawarata. Ban ce ki hana baƙinki zuwa bakin dam ba. Baƙonka annabinka, in ji Hausawa, kuma yaran birni suna da hakkin su ga ruwa da masunta da tsuntsaye. Amma ki yi yadda matuƙin Girka ke yi, ki gama magana tun a tudu.

Na farko, kada ki ɗauki abin nan ke kaɗai. Ki sami maigida cikin natsuwa, bayan ya ci abinci, ki faɗa masa tsoronki. 'Yan'uwansa ne, maganar ta fi daɗi daga bakinsa. Shi zai je tun kafin ranar ya ga sarkin ruwa ko wani dattijo cikin masunta, ya nemi matuƙi babba mai hankali, ba yaro ba, ya duba jirgin da idonsa. In ya ga ana ta kwarfar ruwa daga cikinsa da ƙwarya ko da roba, a nemi wani.

Na biyu, a tambayi mai jirgi mutum nawa ya ke ɗauka, sa'an nan a rage. A ɗauki shatarsa gaba ɗaya, don kada a ƙaro muku wasu fasinja ko buhuna ko babur. In kun fi ƙarfinsa, a yi sawu biyu ko uku, ko wane sawu da babba a ciki. Kuɗin sawu na biyu bai kai na ragon suna ba, balle ran ɗa.

Na uku, rigar kariya. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta Nijeriya ta ce kada a shiga jirgi ba ita, ta kuma hana tafiyar dare. Tun da baƙinki daga birni za su taso, ki aika musu su nemo su zo da su, da na manya da na yara, domin rigar babba ba ta riƙe yaro, zamewa ya ke yi ta ƙasa. In ba a samu ba, to, an sami amsa ke nan, babu shiga, ba kuwa ke ki ka hana ba.

Na huɗu, lokaci. A je da hantsi a komo kafin azahar. Yanzu damina ce, dam ya cika, hadarinmu kuwa ya fi haɗowa da yamma, iska tana gabansa. In an ga gabas ta yi duhu, ko mai jirgi ya ce yau ruwa ba daɗi, a bi maganarsa ko da an riga an biya. Kada kuma a yi nisa da gaɓa, abin da za a gani a tsakiya shi ne a gefe.

Na biyar, zama. Kowa ya zauna inda aka ajiye shi, a raba nauyi dama da hagu. Ba a miƙewa tsaye don ɗaukar hoto, ba a yin gefe guda gaba ɗaya don kallon kifi, ba a miƙa hannu a ɗebo ruwa. Mai goyo ta zauna a tudu da ɗanta. Mu kuma mata mu sani zani da mayafi da dogon hijabi in sun sha ruwa nauyi su ke yi, su naɗe ƙafa, saboda haka rigar kariya ta fi zama dole a kanmu, a ɗaura ta a kan tufafi a ja igiyoyinta sosai.

Na shida, ko a gaɓa ma a sa ido. Kada a bar yara su shiga wanka ko wasa a ruwan da ke kwance, domin a irinsa a ke kamuwa da tsargiya, ciwon nan mai sa fitsarin jini. Ƙwayar cutar a jikin ƙananan dodon koɗi ta ke girma, ta fito cikin ruwa ta shiga ta fatar mutum. In yaro ya koma gida aka ga jini a fitsarinsa, a kai shi asibiti, akwai magani.

Ke kuma 'yar makaranta, ga naki aikin. Ke ce mai ƙirga. Ki rubuta sunan duk wanda ya fito daga gida, ki ƙirga da za a shiga, ki ƙirga da aka fito. In kin ga an wuce adadin da aka faɗa, ki matsa kusa da innarki ko gwaggonki ki gaya mata cikin ladabi. Wannan ba rashin kunya ba ne. Haka kuma in makarantarku za ta ƙetare ruwa zuwa Maulidi ko musabaƙa ko biki, ki gaya wa iyayenki tun da wuri, su tambayi yadda aka shirya.

In kuwa duk an duba an ga shiga jirgi ba za ta yiwu ba, ranar ba ta ɓaci ba. Ki dama fura mai kyau da nonon Fulani, ki soya ƙosai ko ki yi dambu, a ɗauki tabarmi a sami inuwa nesa kaɗan da ruwa. A sayi karfasa da tarwaɗa hannun masunta da ɗuminsu, yara su ga yadda a ke jefa birgi da yadda a ke gyaran koma. Ai su ma masu yawon Girka, ranar da iska ta hana su fita, abin da su ke yi ke nan, su zauna bakin ruwa su ci kifi su yi taɗi, su koma gida suna ba da labari.

Na san abin da ke ranki, kina tsoron a ce matar yaya ta cika iyayi. Wataƙila a faɗa, kwana biyu a manta. Amma ki auna wannan da ɗayan. Yaran nan bakwai iyayensu maza sun sallamo su gidanki ne don sun amince da ke. Karɓar baƙo ba ta ƙarewa a kan tuwo da miya da ɗakin da aka share. Cikarta ita ce ranar komawa ki raka su bakin mota, ki ƙirga su cif yadda su ka zo, ki ba su tsarabar gyaɗa da kuka da daddawa, ki ce su gai da gida. Kunya ado ce ga mace a ko'ina, amma ban da bakin ruwa.

Ki rubuto mini bayan sun tafi in ji yadda aka ƙare. Sauran 'yan'uwa na Bagwai da Tiga da sauran garuruwan bakin ruwa, ku ma ku aiko da abin da ku ka sani, mu ƙaru da juna. Allah ya tsare mana 'ya'yanmu da baƙinmu, a tudu da ruwa, amin.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Haza wasalam.